Ɗakin da Na Gina wa Injin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da injin niƙa a Aujara, irin tsohon nan mai shan baƙin mai wanda ake murɗa ƙarfe a tayar da shi. Shekara da shekaru yana bakin kasuwa, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Da aka zo faɗaɗa hanya aka rushe rumfarsa, sai ya kwaso injin ya dasa a ƙofar gidansa, taku goma sha biyu daga katangar maƙwabcinsa. Jikin katangar nan kuwa ɗakin wani dattijo ne da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance, ko juyawa ba ya iya yi sai an juya shi.

Ni a lokacin ina aiki a Dutse, ban daɗe da gama karatun injiniya ba, ɓangaren injuna. Wata Talata da hantsi mahaifiyata ta kira ni a waya.

"Ka bar abin da kake yi ka tafi Aujara. Kawunka zai kashe ɗan mutane, ko su su kashe shi."

Da na isa an riga an raba su, amma ƙasar wurin ta ba ni labari kafin mutane su ba ni. Gari ya zube ko'ina, jini ya ɗiɗɗiga a kai ya cure kamar ƙullu, ga kwanukan mata a kife, ga takalmi wari ɗaya. Abin da ya faru shi ne, babban ɗan dattijon, direban babbar mota mai ɗaukar hatsi daga Ringim, ya dawo daga tafiyar kwana tara ya tarar da mahaifinsa yana hawaye, an cusa masa auduga a kunne ta ƙi yin komai. Ya fito ya ce wa Kawu ya kashe injin. Kawu ya ce ƙofar gidansa ce. Direban ya wuce shi ya kai hannu zai kashe da kansa. Kawu ya ɗauki ƙarfen tayar da inji ya sauke masa a goshi. Direban, jini na rufe masa ido, ya kama Kawu ya maka shi da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa ya yi ta naushi har haƙora biyu suka fita. Ƙanen direban ya fito da taɓarya, ya kai wa Kawu duka a ka, sai mai kula da injin ya shiga tsakani, taɓaryar ta sauka a kafaɗarsa.

Wannan mai kula da injin kowa Baffa yake ce masa. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, ya haura hamsin. Iyayensa makiyaya ne daga wajen Buji, shanunsu suka ƙare a wata annoba, ya shigo gari ya koyi inji. Ya fi shekara ashirin tare da Kawu, kuma kunnensa na hagu ya riga ya yi nauyi, sai ka tsaya masa ta dama ka ɗaga murya.

Washegari aka taru a zauren dagaci. Direban da bandeji a ka, Kawu da leɓe kamar an hura. Dagaci ya saurari kowa, sannan ya ce ba zai hana mutum neman abincinsa ba, ba zai kuma bari a kashe mara lafiya da ƙara ba. Ko injin ya yi shiru, ko ya bar unguwar. Kawu ba shi da wani filin. Na ga idonsa ya kaɗa, sai na ji bakina ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, a ba ni wata guda. Zan gina masa ɗaki, ƙarar ba za ta fito ba."

Direban ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ɗan bokon? To da me za mu gane ka cika? Ka ce ta ragu, ni in ce ba ta ragu ba, mu koma inda muka fito."

Na ce masa ƙara ana auna ta kamar yadda ake auna zafin jiki. Akwai na'ura, girmanta bai wuce wayar hannu ba, tana nuna lamba. Zan auna a gabansa yau, in faɗa masa lambar da za ta koma tun kafin a aza bulo ɗaya. In ba ta koma ba, ni da kaina zan taya shi kwance injin.

Na aro na'urar wajen wani abokin aikina. Aka tayar da injin, muka tsaya da direban a gindin tagar mahaifinsa. Ta nuna tamanin. Na koma Dutse na zauna da takarda kwana uku. Lissafin ba mai wuya ba ne in ka san kan sa. Bango yana tare ƙara ne da nauyinsa, duk sanda ka ninka nauyin za ka rage wajen biyar ko shida a ma'aunin. Na lissafa nauyin bulo mai inci tara in an cika cikinsa da yashi an shafe shi ciki da waje, na lissafa rufi, na lissafa ƙofa, na haɗa kowanne gwargwadon faɗinsa. Ya ba ni ragin talatin. Na je na gaya wa dagaci a gaban kowa cewa tamanin za ta koma hamsin, wato kamar mutum biyu suna hira a tsakar gida. Har yau ina tuna daɗin da na ji a bakina lokacin da nake faɗin haka.

Aka yi ginin ba na nan, sai ranar Asabar nake zuwa. Magini ya yi bangon yadda na ce, amma da ya zo rufi sai ya bar tazarar tafin hannu tsakanin bulo da kwano, wai don iska, kamar yadda yake yi wa kowane shago. Kawu kuma ya sa ƙofar langa-langa da ya ciro daga tsohuwar rumfa. Ina gani na san aiki ya ɓaci, domin na san ƙa'idar: in kafa ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na jikin ɗaki, ko da dutse ka gina sauran, ragin ba zai wuce ashirin ba. Tamu ta fi haka nesa. Na so a jinkirta gwaji, Kawu ya ce mata sun gaji da kai niƙa wata unguwa. Aka tayar. Na'urar ta nuna sittin da takwas.

Direban ya matso kusa da ni. Ya karɓi littafina ya jefar cikin kwata, ya cafki wuyan rigata ta baya ya ja ni kamar akuya, ta zaurensu, ta tsakar gida, matan gidan suna darewa. Ya hankaɗa ni cikin ɗakin mahaifinsa, gwiwata ta bugi ƙafar gado na durƙushe. Ya danne min ƙeya har kuncina ya manne da daɓen ƙasa.

"Saurara. Ba lamba ba, da kanka za ka ji. Saurara!"

Na saurara. Ƙasar tana bugawa a ƙashin fuskata, dum, dum, dum. Akwai kofin silba da ruwa a gefen gado, ruwan yana ta karkarwa. Gadon ƙarfen kansa yana ɗan kuka. Dattijon ya karkato ido yana kallona, bakinsa a karkace, miyau na bin gemunsa, hannunsa mai lafiya yana damƙe da bakin zane. Ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, ina jin ɗansa yake tsawatarwa, don nan take aka sake ni.

Na fito leɓena na jini, amma na fito da abin da babu a takardata. Ni iska kaɗai na lissafa. Ban lissafa ƙasa ba, alhali injin a kan kankare yake ɗaure, yana tura bugunsa ta ƙarƙashin katanga har ƙafar gadon mutumin.

Na ɗauki hutun mako biyu na tare a Aujara. Wannan karon ban bar kowa ya yanke komai ba. Muka ɗaga injin da abin niƙan, muka yanka tsofaffin tayoyin mota muka shimfiɗa a ƙarƙashinsu, muka sare kankaren kewaye don kada ya haɗu da bango. Muka toshe tazarar rufi da siminti, muka yi silin na katako mai kauri, muka zuba ɓuntun shinkafa a samansa. Ƙofa na sa aka yi biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowacce katako biyu da yashi a tsakani, bakinsu liƙe da robar tiyub. Iska na yi mata hanya mai lanƙwasa biyu, ta shiga da ta fita, yadda za ta wuce amma ƙara ta yi ta karo da bango. Salansar injin, wato bututun da yake fitar da hayaƙi da ƙara, na zura ta cikin durom da muka binne, hayaƙin ya fita ta bututu a bayan ɗaki. Taga kuwa ban yi ba ko ɗaya, don gilashi ba shi da nauyi, zai ɓata min lissafi.

Tsarin aikin ya zama haka: mata su jira a waje ƙarƙashin darbejiya, Baffa ya ɗauki kwanuka uku ko huɗu ya shiga, ya rufe ƙofa ta farko, ya rufe ta biyu, ya niƙa, ya fito. Ranar farko da ya yi haka ya fito yana girgiza kai kamar wanda ƙuda ya shiga wa kunne.

"Injiniya, ka kore ta daga waje, amma duk ta taru a kaina. Da tana da wurin gudu. Yanzu daga bango sai ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani tun a takarda. Ƙarar da aka tare ba ɓacewa take yi ba, tana ta dawowa daga bango zuwa bango, ciki ya fi da tsanani. Maganinta a liƙa soso a jikin bangon ta ciki a rufe da waya mai raga. Na rubuta shi a jerin aikin, amma na bar shi zuwa gaba, tunda alkawarin da na yi a zauren dagaci na waje ne. Na ce masa, "Baffa, ka yi haƙuri, zan kawo maka abin rufe kunne daga Dutse." Na je Dutse sau biyu, sau biyu ina mantawa. Shi kuwa ya samo wa kansa dabara, ya ɗauko wani tsohon rawani ya riƙa naɗe kai da kunnuwa da shi kafin ya shiga, jelar tana reto a kafaɗarsa. Na gani da idona. Har dariya na yi masa, na ce ya zama hakimi.

Ranar gwaji na biyu Asabar ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, rana ta fara zafi. Dagaci ya turo wakili. Kawu ya sa farar riga. Mata sun kai goma a gindin darbejiya, suna ta hira, abin da da ba ya yiwuwa sai da ihu. Baffa ya tayar da inji, ya kwashi kwanuka ya shiga, ya ja ƙofofin. Muka taka zuwa gindin tagar dattijon, ni da direban da wakilin dagaci. Na ɗaga na'urar. Hamsin da biyu.

Na nuna wa direban. Ya duba, ya shiga gida ya duba kofin ruwan, ya dawo ya ce ruwan a tsaye yake. Na ce mu ba ta minti biyar don kada a ce sa'a ce. Ina riƙe da ita, ina rubuta lamba duk rabin minti a sabon littafina. Hamsin da biyu. Hamsin da ɗaya. Hamsin da biyu. Sai ta ɗan haura, hamsin da huɗu, ta sauko, ta sake haurawa, ta yi haka sau huɗu ko biyar. Na waiga, na ga babur ya wuce can bakin hanya, na rubuta a gefe: babur. Daga nan ta koma hamsin da ɗaya ta zauna. Wakilin dagaci ya miƙo min hannu yana sa albarka. Kawu yana ta washe giɓinsa.

Direban ne bai miƙo hannu ba. Hancinsa yake ɗagawa, yana kallon bututun hayaƙi a bayan ɗakin.

"Roba ke ƙonewa," ya ce. "Kuma injin nan yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Dubi hayaƙin."

Hayaƙin ya yi baƙi ƙirin. Kafin in ce wani abu ya zura da gudu. Ya fizge ƙofar farko, ta biyu ta ƙi, don na yi ta ne ta matse sosai. Ya ja baya ya doke ta da ƙafa sau biyu, ta buɗe. Ƙarar ta fito ta buge mu gaba ɗaya, da wari, da zafi.

Ina bayansa, don haka na gani. Jelar rawanin ce bel ɗin da ke juya abin niƙan ya kama. Ya fizgo kan Baffa zuwa ƙarfen da yake juyawa, shi kuma ya kai hannun dama don ya ƙwace wuyansa, sai bel ɗin ya haɗiye hannun. Ya naɗe shi a jikin ƙarfen har gwiwa, ya karya shi wuri fiye da ɗaya, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Bel ɗin ya tsaya cak da hannun a ciki, ƙarfen injin yana ta juyawa a ƙarƙashinsa yana cin roba da nama. Baffa yana durƙushe, rawanin ya shaƙe shi ya karkatar da kansa, idanunsa sun firfito, bakinsa a buɗe amma murya ta ƙare. Jini ya fantsama a bangon da na sa aka shafe, ya gangara cikin garin dawar wata mata. Da hannun hagu yana ta dukan bango, a hankali, tafin duk ya saɓule.

Na tsaya. Ban san inda ake kashe injin ba a wannan lokacin, ni da na zana komai na ɗakin. Direban ne ya ture ni, ya danne abin mai har injin ya mutu, ya zaro wuƙa daga aljihu ya yanke rawanin, ya yanke bel. Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure damtsen Baffa, ya zura ƙarfen tayar da inji a ƙullin ya murɗa har jinin ya tsaya. Yana yi yana min tsawa.

"Riƙe kansa! Kai, riƙe kansa nake cewa, ka ajiye wannan abin!"

Sai a sannan na ga na'urar tana hannuna har yanzu.

Mata suna salati suna kuka a waje. Aka tare wata akori-kura da ta sauke buhuna a kasuwa, muka shimfiɗa shi a baya, kansa a cinyata, direban yana riƙe da ƙarfen da ya murɗa. Duk ramin da motar ta faɗa sai Baffa ya sandare. Wajen rabin hanya ya buɗe ido ya motsa baki. Na kai kunnena.

"Na yi ta kira," ya ce. "Na yi ta kira."

A asibiti suka yanke hannun daga saman gwiwa. Likitan ya ce ɗaurin da aka yi ne ya tsare ransa. Muna tsaye a harabar asibitin lokacin da aka fito aka gaya mana, sai Kawu ya juyo ya kwaɗa min mari, irin wanda tun ina yaro ba a yi min ba, har na ga wuta. Ya ƙara na biyu. Ya kama rigata yana jijjiga ni yana cewa shekara ashirin mutumin nan yana aiki a fili ko farce bai rasa ba, na zo na gina masa kabari. Direban ne ya ɓamɓare hannunsa daga wuyana, ya ce, "Alhaji, bari. Ni na matsa, kai ka ƙi matsawa, shi ya gina. Ba wanda zai daki wani a nan." Kawu ya zauna a ƙasa da farar rigarsa ya rufe fuska.

Na koma ɗakin bayan kwana uku, ni kaɗai. Na tsaya a inda Baffa ya durƙusa na ja ƙofofin, na ƙwala ihu iya ƙarfina, bayan na roƙi matar Kawu ta tsaya a gindin darbejiya. Da na fito na tambaye ta, ta ce ta ji wani abu kamar kukan kyanwa a cikin rijiya, shi ma don ta kasa kunne ne, kuma injin a kashe yake. Na buɗe littafina na dubi layukan nan da na rubuta babur a gefensu. Ba babur ba ne, Baffa ne yake kira yana dukan bango. Na ƙirga daga na farkonsu zuwa lokacin da aka buɗe ƙofa. Ya fi minti uku.

Ban taɓa gaya wa kowa maganar layukan ba sai yanzu da nake rubuta ta. A wurin aiki dai, duk zanen ɗakin inji da ya biyo ta teburina tun daga lokacin, ba na sa hannu sai na ga taga mai gilashi biyu, da murfi a kan bel, da igiyar kashe inji da mutum zai iya kaiwa ko yana kwance. Abokan aikina suna cewa na cika tsanani. Ban yi musu bayani ba.

Kawu bai sake tayar da injin ba, ya sayar wa wani mutumin ƙauye. Baffa da aka sallame shi ya koma wajen danginsa a Buji, inda ƙanensa yake da 'yan shanu da gona. Na ɗauki wata huɗu kafin na iya zuwa. Na same shi a inuwar rumbu yana tsaron awaki kada su shiga shanyar gero, hannun rigarsa na dama a ƙulle. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na fara maganar da na shirya tun daga Dutse, ta neman gafara. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya juyo min da kunnen dama ya ce in sake, bai ji ba, yanzu duka biyun sun yi nauyi. Na sake da ƙarfi, har matan gidan suka leƙo. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tambayi Kawu, ya tambayi jikin dattijon, na ce yana samun barci yanzu. Ya ce madalla.

Aka kira azahar daga wani masallaci can nesa, ni na ji, na gaya masa. Ya tura min buta da ƙafa ya ce ƙanen nasa ya tafi kasuwa, in zuba masa ruwa. Na zuba, ya wanke hannun hagu ta hanyar murza yatsun da junansu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Da muka zo hannun dama ya ce in kwance masa ƙullin rigar. Na kwance, na naɗe ta sama, na zuba ruwa a kan dungun, ya shafa. Muka yi salla a kan buhu ɗaya, shi a gaba. Bayan mun idar aka kawo fura da nono, ya riƙe ludayi da hagu yana sha a hankali, rabi yana zuba a gemunsa, yana ba ni labarin wata saniya da ta haifi tagwaye a garken ƙanensa.